Shekarar da Takardar Uwani Ta Daina Aiki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja kwanana har na riƙe alƙalami da furfura a kaina. Bashiru, Sanusi, da ke Hajara auta, wannan naku ne. Rubutuna kamar kaza ta yi tono yake, malamarmu ta ajin manya ma ta gaji da faɗa ta ƙyale ni, to ku ma ku yi haƙuri ku karanta a haka. Na san abin da Goggonku, ƙanwar ubanku, ta gaya muku. Ta ce na tsaya a tsakiyar jama'a a Gummi na kira sunan kakarku kamar mai kiran akuya, kuma baƙin cikin haka ne ya ƙarasa ubanku. Kun ji, kun haɗiye. Kuna gaishe ni, kuna aiko da tsaraba, amma babu wanda ya taɓa zama ya ce, Inna, yaya aka yi? Shirun nan naku ya fi zagi yi mini ciwo. Goggo ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ba gardama na zo yi da kabari ba. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Yayarku Uwani ita ce 'yar farina, kun sani. Abin da ba ku auna ba shi ne nauyin sunanta a bakina. Ranar suna, ubanku ya mayar mata da sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ake ce mata Uwani. To ga kunyar 'yar fari, ga kunyar uwar miji, duk a suna ɗaya. Ina cikin ɗaki na ji an sanar da shi a ƙofar gida, daga ranar bai sake fita daga bakin kowa a gidanmu ba. Ni ko Uwanin ma ba na faɗa a gaban mutane, sai in ce "ke" ko "yarinyar nan". In baƙuwa ta tambaye ni ɗiyar wa ce, sai in ce ta gidan nan ce. Ku yaran yanzu kuna ganin abin kamar wasa. Hajara, na ji ki kina ƙwala wa ɗan farinki kira daga tsakar gida har maƙwabta na ji, ban ce miki komai ba, zamaninku ne. Mu a namu, macen da ta kama sunan ɗan fari ko na uwar miji, an gama sanin irin gidan da ta fito. Ni kuwa 'yar malamai ce daga Anka, ubana almajirai yake koyarwa a zaurensa, ko da yake mu mata hadda kawai aka ba mu, ba a koya mana riƙe alƙalami ba. Kunyar nan ita ce kayan ɗakin da na fi taƙama da su da aka kawo ni ƙauyenku na bayan Nasarawa Burkullu.

Farfaɗiya ta kama Uwani bayan wani zazzaɓi tun tana tallan fura. Babu rubutun da ba a sha ba, babu hayaƙin da ba a yi ba. Ita ta kashe mata aure, ita ta dawo da ita gabana. Tabon da ke hannunta na dama, wanda take ja wa mayafi, a murhu ta same shi, ina bakin rijiya na jiyo ƙaurin. Sai da wani likita a Gummi ya sa ta a kan wata 'yar farar ƙwaya muka san barci. In tana sha, lafiya lau, ta yi daka, ta yi saƙar faifai, ta yi muku faɗa. In ta yanke kwana kaɗan, ciwon ya dawo da fushinsa. Likitan ya ja wa ubanku kunne, ya ce yankewa farat ɗaya ya fi rashin farawa haɗari.

Duk rayuwarmu a kan takarda take a lokacin. Likita ya rubuta, Malam, wato ubanku, ya naɗe ta a leda ya sa a gafakarsa tare da Alƙur'ani. Ranar kasuwar Gummi ya hau mota, ya miƙa ta a taga, a buga hatimi, a ba shi magani. Takarda ba ta tambayar kowa komai. A kanta ma Uwani aka rubuta, don abin da aka gaya wa likitan farko ke nan. In Malam ba ya jin daɗi, a ba direba ko wani maƙwabci, duk wanda ya riƙe ta shi ne mai ita. Ba zan yi muku ƙarya in ce takarda ba ta da aibi ba. Wata damina ta jiƙe a gulbi rubutun ya narke, sai da aka sake bin layin likita. Kuma saboda ba ta tambayar kowa, samari suka gane hanya, suna kwafar ta mutane suna karɓar ƙwaya su sha su bugu. Ɗan ƙanena a Anka haka ya lalace, yaro mai hadda, ya koma yana magana da bango. Saboda haka ban zo in zagi na'ura ba. Na zo in gaya muku yadda ta same mu ne.

A farkon shekarar da abin ya faru, wata ranar kasuwa, Malam ya dawo daga Gummi da la'asar. Ya ajiye maganin, ya zauna a kan buzunsa, bai tambayi kowa gida ba. Na kawo fura, ya tura ta gefe.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. Sun daina takarda."

"Sun daina ba da magani?"

"Ga magani nan gabanki. Takarda ta anka daina. Yanzu cikin na'ura likita ka rubutawa, ita ka gaya ma mai ba da magani. Sun ba ni kati, sun amshi lambar wayata."

"To mi yaɓ ɓata maka rai?"

"Rana ta tad doke ni."

Na san ba rana ba ce, mutumin da ke noma har azahar ba hula. Amma ubanku in ya rufe baki, sai dai ka haƙura. Ya kwana biyu yana wani irin shiru, in Uwani ta gifta sai ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ware. Har ya riƙa yabon sabon tsarin, ya ce yanzu kafin ka iso taga maganinka ya riga ka, babu mai juya takarda yana tambayar abokin aikinsa me likita ya rubuta. Na manta da zancen, na ɗauka tsufa ne.

Da damina ta yi nisa, ɓarayin daji suka tare motarsu a hanyar dawowa. Ba su tafi da shi ba, sun ce tsoho ba ya tafiyar daji, amma sun zazzage aljihunsa, waya da kati da komai, wani ya sa masa gindin bindiga a ƙeya. Maganin wannan watan ya tsira don a cikin hularsa yake sa shi. Ya iso gida da ƙafarsa. Bayan kwana kaɗan yana alwala ya kife, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Bashiru kana Legas, Sanusi kana wajen haƙar zinari ta can Dareta, Hajara kina ɗakinki a Bukkuyum da tsohon ciki. Lambobinku duka suna cikin wayar da aka ɗauke. Ba tuhumarku nake ba. Ina so dai ku san cewa a gidan nan daga ni sai mai farfaɗiya sai wanda ba ya iya juya kansa, sai Goggo da ke shigowa ta katanga ta ba da umarni ta fita.

A cikin 'yar kwalla nake ajiye ƙwayoyin. Kullum da safe in na buɗe na ba Uwani, sai in ga gindin kwallar yana ƙara fitowa. Na hana Uwani zuwa rijiya. Na hana ta hura wuta. In ta shiga bayi ta daɗe, sai in je in tsaya a bakin zana ina gyaran murya. Ko tari ta yi sai na juya. Ita kuma ga ta da zuciya, irin tawa ce.

"Inna, ki bar bina awa inuwa. Ba yau nif fara ciwon ga ba."

"Ke, rufa min baki. In kin hwaɗi, wa ka ɗaukar ki, wa ka ɗaukar ubanki?"

Hanya a lokacin ba a bin ta sai ranar kasuwa. Motoci su jeru, 'yan sa-kai a gaba a kan babura, a tafi tare, a dawo tare kafin la'asar ta yi sanyi. Wanda ya rasa ayarin sai wani mako. Makon da ya kamata in je aka ce an ga ɓarayin a bakin gulbi, ba motar da ta tashi. Kafin wata kasuwar ta zagayo, kwalla ta ƙare, Uwani ta riga ta kwana ba magani. Tafiya da ita ba ta taso ba. Tsofaffi ake bari a hanya, mata masu sauran ƙarfi ba a barin su, kuma dole wani ya zauna da Malam. Na buɗe gafakarsa, abin da ban taɓa yi ba, na ɗauko tsohuwar takardar nan a ledarta. Na nuna masa, na ce zan tafi Gummi. Ya kama zanena da hannunsa mai lafiya yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, yawu na zuba, idonsa ya yi ja. Na ɗauka tsoron hanya yake ji mini. Na ce ya kwantar da hankalinsa, Allah na nan. Na ɓamɓare yatsunsa na fita.

A mota na haɗu da Kulu maƙwabciyarmu, za ta karɓo maganin hawan jini. Kun san Kulu, zuciya fara, baki ba ƙofa. Ba ta yi shiru ba har Gummi, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba, idona na kan gero da ya rufe hanya hagu da dama, duk inda kara ya motsa sai in ce su ne. Muka isa lafiya. Asibitin ya sake mini. Inda ake tara takardu a kan ƙusa babu komai, an sa gilashi mai kauri da 'yar kafa a ƙasa, injin wuta na ta ruri a bayan ginin. Layi ya kai har waje. Da na iso, wata mace ce a ciki, mai tabarau, za ta yi sa'ar Uwani. Na tura takardar ta kafar nan da hannu biyu, yadda na ga ana ba malami sadaka. Ta buɗe, ta duba, ta turo mini abata.

"Inna, wagga ta daina aiki. Ina kati?"

"Ɓarayi sun ɗauke."

"Subhanallahi. Lambar waya hwa?"

"Da wayar sunka haɗa."

"To ba komi. Gaya min sunan mai ciwon da garinku."

Na ce Uwani, na faɗi garinmu. Ko wannan sai da na ji kunya. Ta danna na'urar, ta jira, ta girgiza kai. Ta tambayi sunan uba. Na juya na dubi Kulu, Kulu ta gane, ta matso ta faɗi sunan ubanku. Matar ta sake dannawa, sai na ga fuskarta ta saki.

"Na gan ta. Likita ya rubuta mata na wata da watanni, yana nan yana jiran ta. Amma ba Uwani anka sa ba. Da munka koma na'ura, sunan yanka munka ce kowa shi ba da, don Uwani da Ummi da Inna sun cika gari, kada a ba wata maganin wata. Hwaɗi sunanta na yanka in ba ki."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na dubi Kulu, ta buɗe hannu. Ita daga baya aka auro ta, ba ta taɓa jin sunan ba. Na matsa bakina kusa da kafar na ce, ɗiyata, 'yar hwari ta, kuma sunan uwar mijina gare ta. Matar ta cire tabarau ta dube ni. Ta gane sarai, 'yar ƙasar nan ce. Na roƙe ta ta karanto sunaye, in ta zo kansa in ɗaga kai.

"Inna, wallahi da wani magani na, da na yi miki. Wanga yana cikin waɗanda anka tsare, shi na yara ka sha su haukace. Wanda yaz zo amsam ma wani ba kati, shi ka hwaɗin suna da bakinai. In nik karanta miki yau, gobe wani na zuwa da hawaye shi ce a karanta mai."

Duk da haka ta tashi ta kira babbansu. Ya zo, mutum mai ladabi, ya ce in ba zan iya ba in zo da mai ciwon ko da shaida daga maigari a kasuwa mai zuwa. Kasuwa mai zuwa! Na baya suka fara gunaguni, wani ya ce tsohuwa ta ba mutane wuri. Na ja jiki na fita daga layi.

A gindin wata bishiyar bedi na zauna, takarda a hannuna. Ga sunan can a bayan gilashi, matar tana kallonsa, ni na haife shi, kuma ni kaɗai a duk filin nan na san shi. Da na iya rubutu da na rubuta a tafin hannu na nuna. Ban iya ba. Na tuna kakarku. Goggo ta riƙa magana kamar ban san darajar matar nan ba, alhali ni na yi jinyarta. Ita ta karɓe ni ina yarinya ina kukan gida, ta koya mini dama fura yadda ɗanta ke so, ta tsaya mini ranar da dangi suka ce na haifi mai aljanu. Ko a mafarki na gan ta, Inna nake ce mata. Yau in tsaya a gaban maza in kira ta da sunan da ubanta kaɗai ya isa ya kira ta? Sai kuma in tuna ƙaurin nan na bakin rijiya. In ga Uwani a tsakar gida, ta ɗauki tukunya, idonta ya juye, ubanta na kallo daga tabarma ba ya iya ko ihu. Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta salati, har na fara yi wa kaina ƙarya cewa wataƙila ta kai mako ba ta faɗi ba. Na san ba ta taɓa kaiwa ba. Ana cikin haka direbanmu ya leƙo ta ƙofar asibiti ya ce an fara lodi, 'yan sa-kai ba sa jiran kowa.

Na tashi. Ban bi layi ba, na kutsa, masu zagi na yi. Na sa bakina a kafar gilashin na faɗa a hankali, yadda ni kaina da ƙyar na ji. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Ban jiya ba, Inna. Injin ga ya cika ƙara. Ɗaga murya kaɗan."

Kaɗan ta ce. Amma tsoro ya riga ya cika ni, na ga kamar in na sake yin ƙasa da murya ba zan ƙara iyawa ba. Sai na ƙwala shi. Wannan kam gaskiyar Goggo ce, na ɗaga murya fiye da yadda ake bukata. Sai dai jama'ar da take faɗa, babu wanda ya san abin da na yi. Suna ne suka ji kamar kowane suna, wasu ko juyowa ba su yi ba. Kulu kaɗai ta riƙe baki. Ni kuwa ji na yi kamar zanena ya kwance a kasuwa, na dafe gilashin. Matar ta ƙirga ƙwayoyin, ta buga sabon kati, ta turo su. Da na kai hannu sai ta riƙe yatsuna ta cikin kafar.

"Yi haƙuri, Inna. Dattijon da yas sa ta cikin na'ura, mai hwarin gemu da gahwaka, ni nir rubuta mai. Nan yat tsaya inda kike. Ya ce in ba shi takarda shi rubuta, yar rubuta da ajami, ba mai iya karantawa cikinmu. Sai da yah hita yad dawo kahin shi hwaɗa. Har yau ban mance huskatai ba."

Bashiru, Sanusi, Hajara, ku tsaya nan ku sake karantawa. Sunan nan ba daga sama ya faɗo cikin na'ura ba. Ubanku ne ya sa shi, da bakinsa, sunan uwar da ta haife shi. Ranar da ya ture fura ya ce rana ta doke shi ke nan. Kuma abin da yake son gaya mini ke nan da safe da ya riƙe zanena. Ya san abin da ke jirana a tagar, ba shi da bakin faɗa.

Ban san yadda muka iso gida ba. Tun daga bakin gari na hango hayaƙi a saman gidanmu, na sauka mota ba ta gama tsayawa ba, na sheƙa da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina amarya. Na tarar da Uwani a tsugune a gaban murhu tana dama wa ubanta kunu, wuta na ci bal-bal, zanenta na gab da itace. Lafiya lau take. Na fizge ta na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, ina yi ina kuka, na tura mata ƙwayar a baki da hannuna kamar jaririya. Sannan na shiga wurin Malam na durƙusa.

"Malam, na tsaya inda kat tsaya. Na hwaɗa."

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ba zan ce muku na san duk abin da ke zuciyarsa ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da na gani shi zan faɗa. Bai juya fuska bango ba, kamar yadda aka gaya muku. Hannunsa na hagu ya ɗaga ya ɗora a kaina, ya bar shi nan har aka kira magariba. Shekarun da muka yi tare bai taɓa yi mini haka ba.

Kulu ba da mugunta ta yi ba, tausayina ma take ba mutane, amma kafin gari ya waye labari ya gama gidaje. Goggo ta shigo ko sallama babu.

"Ashe abin da kit tahi yi ke nan? Uwata ta ki ka kira gaban maza? Ɗiyar malamai!"

Na ce mata abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ban gaya mata na ɗan'uwanta ba. Yana kwance yana ji, ba ya iya kare kansa, kuma shi bai so a sani ba, to ba ni zan tona shi a gaban ƙanwarsa ba. Na bar laifin a kaina ni kaɗai. Bayan an yi girbi Allah ya karɓi abinsa, ciwon ne ya sake bugunsa. A zaman makoki, kuna waje kuna karɓar gaisuwa, Goggo ta faɗi maganarta a cikin mata, ta bi ku da ita ɗaya bayan ɗaya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Waɗanda suka sa masa bindiga a ƙeya ba a ambace su ba, sai ni. Matan da muka yi shekaru muna daka tare suka riƙa yin shiru in na iso rijiya. Da na fita takaba na kwashe Uwani muka dawo Gummi, kusa da maganinta. Kun ce na gudu daga gidan ubanku. Ban gudu ba, zama ne ya ƙi. A nan na shiga ajin manya, na zauna da sa'o'in jikokina ana yi mini dariya, don na rantse ba za a sake tsayar da ni a wata taga ba ni da abin yi sai baki.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi damuna. Kwana kaɗan bayan dawowata daga Gummi, ina tsince wake, Uwani ta zo ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana wasa da bakin faifai.

"Inna, an ce kin hwaɗi sunana."

Na yi kamar ban ji ba.

"Ni ban taɓa jin shi bakinki ba. Mutanen Gummi sun jiya, Kulu ta jiya. Ƙaƙa kih hwaɗe shi? Sake in ji."

Mace mai furfura a gefen kai, tana roƙona kamar yarinya mai son alewa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Bai fito ba. A gaban gilashi tsoro ne ya turo shi, a gabanta kuwa babu abin da zai turo shi, sai kunyar nan ta dawo ta zauna daram. Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri, wake na jirana. Ta yi 'yar dariya ta tashi. Ba ta sake tambaya ba, kuma har yau da muke kwana ɗaki ɗaya ban iya ba. Kullum ita ke zuwa karɓar maganinta da katinta, ta faɗi sunanta da kanta, ta dawo.

Uwani ba ta iya karatu ba. Duk wanda wannan littafi ya fara isa hannunsa a cikinku, ya zo ya zaunar da ita ya karanta mata tun daga farko, ina raye ko ba na raye. In ya iso nan kada ya yi sauri, kuma ya ɗaga murya, don kunnenta ɗaya ya fara nauyi. Ya gaya mata wannan layin da hannuna na rubuta shi, ba malama ta kama mini ba.

Barira. Barira ɗiyata, 'yar farina. Inna ce ke kiran ki.